Ɗan'uwan Guram na Azurfa

Duk wanda ya ce maka ɗan'uwa, ka tambaye shi tukuna mutum nawa ya faɗa wa haka tun wayewar gari. Da Guram ɗan Shakro ya yi wannan 'yar tambaya, da ya huta, da mu ma mun huta. Amma Guram ba mai tambaya ba ne, mai jawabi ne. A ƙauyenmu Ardisi, arewa da birnin Gori a ƙasar Jojiya, an shekara ashirin ba a yi biki ko zaman makoki ba sai shi ne tamada, wato shugaban teburi, wanda zai miƙe da ƙahon ruwan inabi a hannu yana zuba magana, kowa na riƙe da kofi yana jiran ya kai aya. Jawabinsa a kan matattu kaɗai sai nama ya huce, cuku ya sandare, wani tsoho ya fara tunanin ko bin su zai yi ya huta.

In ka cire baki da tumbi da matarsa Lamara, abin da Guram ya mallaka a duniya gonar tuffa ce. Bishiya saba'in da ɗaya, a bayan gida, ƙetaren wata 'yar magudanar ruwa da ko akuya mai ciki za ta tsallake. Ubansa Shakro ne ya dasa su, shi ya yi musu aure da hannunsa, reshe bayan reshe. A gonar nan aka ci, a nan aka yi sutura, a nan aka aurar da 'ya'ya mata biyu zuwa Tbilisi.

A watan Mayu na 2013 aka wayi gari an kafa turakun ƙarfe masu jan kai a bakin magudanar.

Ba wanda ya tambayi mai su. Tun bayan yaƙin 2008 sojojin Rasha ke ja wa yankin Osetiya ta Kudu waya mai ƙaya, suna cewa iyakar ƙasa ce. Wayar kuwa tafiya take yi kamar yaɗon kabewa. Turaku ke fara zuwa, ita ta biyo baya. Wanda ya tsallake, ko saniyarsa ya bi, a kama shi a rufe. Turakun nan sun bar wa Guram gida da bayan gida da kejin kaji. Gona ta koma wata ƙasa.

Amma bari mu koma baya, don ba a fara gini daga rufi.

Manyan yayye biyu Guram ya yi wa direba a rayuwarsa. Na farko zamanin Tarayyar Sobiyat, lokacin da ake koya mana a makaranta cewa Rasha babban yaya ne. Yana ɗan shekara goma sha takwas aka kwashe shi zuwa Afganistan, ya ja tankar ruwa shekara biyu, ya dawo da lambar yabo ɗaya da giɓin haƙori biyu. Tarayya ta watse, babban yaya ya juyo da haƙoransa wajenmu. Sai muka yi sabuwar ƙawa daga ƙetaren teku, Amurka, mai fara'a, mai dafa kafaɗa. Da ta tafi yaƙinta a Iraƙi, mu da ba mu kai miliyan biyar ba muka tura mata soja dubu biyu. Guram, da shekara arba'in da furfura a gemu, ya je ya sa hannu a matsayin direba.

Lamara ta tare ƙofa. “Kai mutumin nan, me Iraƙi ta yi maka?”

“Ba ta yi min komai ba.”

“Ka san inda take?”

“Jirgi ya sani. Ke matar nan, gayya ce. In ka je gayyar maƙwabci, ranar taka shi ma zai zo da fartanyarsa.”

“Maƙwabcin da ke bayan teku?”

“Shi ya fi dogon hannu.”

Haka shugabanninmu ma suka yi lissafi, sai dai su sun faɗa da kwat a jiki. Ka ga ba Guram kaɗai ne wawa ba.

A can, kusa da garin Kut, wata rana da hantsi wani abu ya tashi a ƙarƙashin motar da ke gaban tankarsa. Guram ya diro, ya kutsa cikin hayaƙi, ya janyo wani ƙaton baƙar fata ta kwalar riga, bayan wuyansa na ci da wuta. Saje Holis sunansa. Bayan sati uku, da aka sallamo shi daga asibitin sansani, ya nemo Guram ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, yana ta maimaita wata kalma.

Guram ya dubi tafinta. “Me yake cewa?”

“Wai kai ɗan'uwansa ne.”

“Aboki ya ce ko ɗan'uwa?”

“Ɗan'uwa.”

“Sake tambayarsa.”

Aka sake. Aka kuma sakewa. Sau uku, ɗan'uwa.

To, uwar Guram mutuniyar kan duwatsu ce, kuma a wajensu 'yan'uwantaka ba faɗarta ake yi ba, shanta ake yi. A kankare azurfa da wuƙa a cikin ruwan inabi, mutum biyu su kurɓa sau uku-uku. Daga ranar uwarka uwarsa ce, maƙiyinka maƙiyinsa, gonarka gonarsa. Ba zai auri ƙanwarka ba. In ka kira shi zai zo, ko da gawa ya bari a ɗaki. Guram na da tsohon sulen azurfa na kakansa rataye a wuya tare da gicciye, yana kuma da ruwan inabin da Lamara ta aiko a kwalbar da aka rubuta wa “miyar 'ya'yan itace”. Ya kankare, ya kurɓa, ya miƙa. Holis ya tambayi tafinta mene ne wannan. Tafinta, malalacin banza, zafi ya dame shi, ya ce, “Al'adarsu ce ta murna.” Holis ya yi dariya, ya shanye, ya ce a ɗauke su hoto.

A yinin nan Guram ya ji Holis ya kira mai aski da kalmar nan. Ya kira kuku da ita. Ya kira wani karen sansani mai ƙafa uku da ita. Ka san me Guram ya ce a ransa? Allah sarki, daga babban gida ya fito.

Watan Agustan 2008 ya zo, ranar gayyarmu ta zo. Yaƙin kwana biyar. Gaskiya ɗaya ce, jiragen Amurka ne suka dawo mana da sojojinmu daga Iraƙi. Mai gayya ya ce, ga mutanenku nan, Allah ya ba da sa'a. Guram ya ce tun daga tashi har sauka goshinsa na manne da taga, yana neman sauran jiragen da ke biye. Gajimare ya gani. Kafin ya taka ƙasa tankokin yaƙin Rasha sun kusa Gori. Aka ƙone gida goma sha ɗaya a Ardisi. Lamara ta kwana uku kwance a cikin gonar tuffa, tana cin ɗanyun 'ya'ya. Da ƙura ta lafa sai ga jiragen ruwa sun iso da barguna da ruwan roba. Ruwa! Ƙasar da in ka soka sanda a gindin dutse maɓuɓɓuga za ta fito, ita aka kawo wa ruwa daga bayan teku. Ihu bayan hari ma ya fi wannan, don shi aƙalla ana jin sa.

Maƙwabcinsa Anzor, wanda gidansa na cikin sha ɗayan nan, ya tare shi da bargo a kafaɗa. “Ɗan'uwan Amurka, ina yayan naka?”

“Ban kira shi ba.”

“Au, sai an kira? Ba su da rediyo?”

“Sau ɗaya ake kiran ɗan'uwan azurfa. Gidana na tsaye, gonata na tsaye. Ba a ɓata kira.”

“To ajiye shi ya yi tsami,” in ji Anzor.

Ya ajiye shi shekara biyar, har turaku suka zo.

A watan Yuni sai ga tawaga daga babbar ƙawa, fararen motoci huɗu. Irin tawagar nan mun saba da ita. A hau da su tudun bayan coci, a miƙa musu madubin hangen nesa, su riƙa karɓa hannu da hannu suna girgiza kai kamar masu ganin jaririn da aka haifa da wutsiya. Mu kuma, da yake baƙo daga Allah yake, sai mu yanka kaji mu shimfiɗa musu teburi. A teburin ne Guram ya miƙe, ya ajiye ƙaho, abin da bai taɓa yi ba, ya fuskanci shugabansu, wani siriri mai kyawawan haƙora.

“Yallaɓai, ƙasarka ƙawarmu ce ko kuwa?”

Tafintarsu ta juya, ta juyo. “Ya ce babbar ƙawa ma kuwa.”

“To ga turaku can.”

“Ya ce sun gani. Sun damu matuƙa.”

“Ni ma na damu. Matata ta damu. Saniyar Anzor ta damu har ta daina ba da nono. Damuwa a nan muke nomanta, yallaɓai, in kuna so mu cika muku mota. Ban da ita me kuka kawo?”

“Ya ce za su kai maganar gaba.”

“Wane gaba? Wayar ma gaba take yi.”

Mutumin ya goge baki, ya yi magana a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Tafinta ta sunkuyar da kai kafin ta fassara. “Ya ce ya kamata a fahimta, babu wata takarda da aka sa wa hannu wadda ta wajabta musu su yi faɗa dominmu.”

“Takarda,” in ji Guram. “Ranar da aka kwashe mu zuwa Iraƙi ban ga wanda ya tambayi takarda ba.”

Ba wanda ya fassara wannan. Suka ci kaji, suka yaba cuku, suka tafi da kwalba bibbiyu.

Washegari Guram ya tafi gidan yayar matarsa, Malama Dariko, wadda ta koyar da Turanci shekara talatin a makarantar ƙauye ba tare da ta taɓa ganin Bature ya tsaya ya saurare ta ba. Ya ce ta rubuta wa Holis wasiƙa. Ya yi jawabin da zai cika shafi huɗu, da kakanni da duwatsu da jinin da ya zuba. Ta rubuta layi huɗu.

“Yaya Dariko, ina sauran?”

“Turanci ba ya ɗaukar kitse. Na ce masa za a ƙwace gonarka, kana kiransa, ga sunan ƙauye. In mai zuwa ne ya isa.”

Wata uku Anzor na cin naman Guram ɗanye. Yau ya ce an hango jirgin yaƙi ya maƙale a magudana. Gobe ya ce a share filin ƙwallo, sojoji masu lema za su sauka. Waya kuwa na tahowa daga gabas, gona bayan gona. A ƙarshen Satumba ta iso gonar Anzor, taku ɗari biyu daga turakun Guram. Tuffa ta nuna jawur, rassa sun sunkuya har ana tokare su da sanduna, ba mai iya zuwa tsinka.

Ranar wata Talata da rana tasi daga Gori ta tsaya a ƙofar coci. Wani ƙato ya fito da ƙyar, da 'yar jaka a hannu, kai ya yi fari, yana karkato da kunne ɗaya in ana magana. Holis ne. Ya bar soja, yana facin taya a wani ƙaramin gari. Ya rufe shago ya taho.

Anzor ya leƙa cikin tasin, ya zagaya ya buɗe but. “Ina sauran?”

“Rufe min baki, tsohon kwarto,” in ji Guram, hawaye na bin gemunsa. “Ya zo ko bai zo ba?”

“Ya zo. Rundunar mutum ɗaya, da kunne ɗaya.”

Aka yi teburin da ba a yi irinsa ba tun auren 'yar autar Guram. Holis ya ci burodi mai cuku har ya kwance bel, ya kira kowa da kalmar nan tasa, har da limamin coci. Ana cikin haka Guram ya ja Lamara madafa ya tura ƙofa.

“Gobe da safe zan kai shi tsinkar tuffa.”

Ta ajiye tukunya. “A wace gona?”

“Gona nawa gare ni?”

“Guram, za su kama ku.”

“Shi ake so. In ni suka kama, kwana biyar a rufe, ba mai ji sai ke. In shi suka kama fa? Dube shi. Ko makaho ya san wannan ba ɗan Ardisi ba ne. Kafin yamma duniya ta ji an kama Ba'amurke. Takarda suke so? Ga takarda mai ƙafa biyu. Dole su zo.”

“Baƙonka ne! Burodina na cikinsa!”

“Ba baƙo ba ne, ɗan'uwa ne. Gonata gonarsa ce. Mutum zai je tsinkar tuffarsa, ina laifi?”

“Ka faɗa masa?”

“Ya sha azurfa. Me ya rage a faɗa?”

“Tsutsa za ka yi da shi a bakin ƙugiya. Da uwarka na da rai da ta tofa maka yawu.”

“Da uwata na da rai da ita za ta riƙe tsani.”

Lamara ta ɗauki mayafinta. Ta fita ta ƙofar baya, ta nufi gidan yayarta.

Da safe suka fito, Guram da tsani a kafaɗa, Holis na biye yana fito, Malama Dariko da kwanduna biyu, Anzor a can baya wai saniyarsa yake nema. Daga bakin magudana ana ganin sojoji shida suna warware waya, da kare, da wata mota mai launin ganye. Saura taku kamar hamsin su iso.

Nan Dariko ta dire kwanduna, ta juya ga Holis, ta shiga zuba Turanci, dogo, ba numfashi.

“Yaya Dariko, me kike ce masa? Ni ban ce komai ba.”

“Shi ya sa nake faɗa.”

Ta faɗa masa duka. Abin da azurfa ke nufi a wajen mutanen duwatsu, da abin da turaku ke nufi, da lissafin da aka yi da kansa a madafa. Fito ya tsaya. Holis ya dubi Guram, ya dubi sojoji, ya shafa bayan wuyansa. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba, sannan ya yi magana.

“Me ya ce?”

“Ya ce, ashe abin da ya sha ke nan. Shi an ce masa murna ce.”

Guram ya mayar da tsanin ɗaya kafaɗar.

Holis ya ci gaba, Dariko na bin sa. “Ya ce in faɗa maka ba za su zo ba. Ya ce shi ya san gidansu. Za su aiko mutum da jaka, a fito da shi bayan sati, a sa shi a jirgi, a yi masa faɗa a hanya. Waya kuma tana inda take. Ya ce shi da yake ɗan gida, shekara biyu ya yi yana bin layi a kan kunnen nan, balle kai da ba su san yadda ake rubuta sunanka ba.”

“Ƙarya ne! Ƙasa guda ba ta barin ɗanta.”

“Ya ce ɗanta za ta ɗauka ai. Gonarka ce ba ɗanta ba.”

Anzor, da ya matso, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shi da kansa.

Holis ya sake magana, gajeriya. Dariko ta gyara jakarta a hammata.

“Fassara mana!” in ji Guram.

“Ya ce ba a faɗa masa ba, amma dai ya sha. Wai a miƙo kwandon.”

Bai ma jira ba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya gyara wando, ya nufi turakun da tafiyarsa ta agwagwa. A ƙetare sojoji suka daina aiki. Ɗaya ya sauke bindiga daga kafaɗa. Wani ya kai rediyo baki. Kare ya miƙe har igiya ta ɗaure.

Ga abin da Guram ya roƙa ya samu. Shekara biyar yana ajiyar kira, ya kira, an amsa. Sai dai yana tsaye da tsani a kafaɗa yana kallon ƙeyar mutumin, da tabon ƙuna mai sheƙi, sai lissafin ya juye masa. Azurfa ba mutum ɗaya ke shanta ba. Wanda aka yaudara ya cika tasa. Wanda ya kankare da hannunsa, ya san ma'anar kowace kurɓa, shi ne ya kawo ɗan'uwansa bakin bindiga don tuffa.

Ya yar da tsani. Mutum mai tumbi irin nasa ban san yana da gudu haka ba. Saura taku ɗaya Holis ya tsallake, Guram ya daka tsalle ya rungume shi ta ƙugu, suka zube cikin taɓon bakin magudana, ta wannan gefen.

Aka shiga kokawa. Holis na son tashi, Guram ya kanannaɗe masa ƙafa. Ƙattai biyu masu furfura suna birgima, kowa na ihu da yarensa, Dariko na tsaye a kansu da jakarta a hammata tana aikinta.

“Me ya ce?” in ji Guram, kansa a ƙarƙashin hammatar Holis.

“Ya ce sake shi, tsohon banza.”

“Ki ce masa uwarsa... a'a, tsaya, uwarsa uwata ce. Ki ce masa jaki!”

“Ya ce kai ka kira shi.”

“Ki ce na fasa! Ni ne babba, na ce ya zauna!”

“Ya ce shi ya girme ka da wata bakwai.”

“Ƙarya yake! Anzor, kana kallo? Kama masa ɗaya ƙafar, Allah ya tsine wa saniyarka!”

Anzor ya kama. Da ƙyar su biyu suka danne shi, har ya daina motsi, ya kwanta rigingine yana haki, taɓo har cikin kunnen mai ji. A ƙetare ana ta dariya. Wanda ya sauke bindiga ya mayar, ya fito da wayar hannu yana ɗaukar hoto.

Suna zaune a wurin, jiƙe, aka ja wayar ta gabansu. Ba ta ɗauki sa'a guda ba. Wani soja ma har ya ce musu su ɗan janye tsanin, yana tare hanya. Holis ne ya janye.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma sai a Ardisi na gane zomo ba wawa ba ne. Mai waya, tsohon babban yaya, bai taɓa ce mana ƙawa ba tun da ya juya mana baya. Ya ce zai ci, yana ci. Amma wanda ya dafa kafaɗarka, ya ari 'ya'yanka, ya kai su hamadar da ba su san sunanta ba, wasu suka dawo a akwati da tuta a kai, sannan ranar taka ya ce a duba takarda, shi wane suna za ka ba shi? Ba mu ce a ƙone duniya don bishiya saba'in da ɗaya ba. Mu ma muna da hankali, mun san mai waya na da abin da in ya tashi ba sauran tuffa ko'ina. To tun farko a faɗa mana mana! A ce, ku ƙanana ne, kuna bakin ramin kura, mu ba za mu shiga ba, ku san yadda za ku yi. Da mun ji zafi sau ɗaya. Sai aka yi ta shafa mana zuma a baki muna lasa, har muka ɗaga wa kura murya. Mai facin taya ya tsallako teku don kurɓa uku da bai san ma'anarsu ba. Ƙasar da ke da jiragen da suka fi ƙauyenmu girma ta aiko madubi.

Holis ya yi sati a Ardisi. Ba tayar da ta rage ba faci, har ta amalanken coci. Shi da Guram ba su ƙara ta da maganar ba, don Dariko ta ce ta yi ritaya karo na biyu. Suna zama a kan benci a bayan gida, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon gona ta cikin ƙaya. Ranar tafiya Guram ya raka shi har Gori, ya dawo shi kaɗai, ya ce wa Lamara kada a sake shimfiɗa wa fararen motoci teburi a gidansa. Ta ce dama kajin sun ƙare.

Tuffa ta zube. Duk watan Oktoba ƙauye na warin tsami, rina ta cika gari, yara na kumbura. Guram ya rame har wandonsa ya nemi igiya. Kullum da safe sai ya je bakin waya ya tsaya, hannu a baya, yana duban wanne reshe ya karye, wanne ke son sassabe. Yana cewa bishiya ba ta san iyaka ba, in ta samu shekara biyu ko uku ba kulawa za ta jure, ubansa ya yi musu aure mai ƙarfi. Waya ta zo, waya za ta tafi.

A farkon Disamba, ranar da aka fara sanyi sosai, aka ji injin zarto. An kafa hasumiyar tsaro a kan wani tudu can ƙetare, bishiyoyin na tare musu gani.

Lamara ta rufe taga. Guram ya buɗe. Ta rufe, ya buɗe. A rana ta uku ya ɗauki kwat ya fita ba hula. Ta bi shi da gudu da silifas, don ta san in ya tsallake wannan karon ba mai danne shi. Ya isa bakin waya. An kayar da fiye da rabi. A tsakiyar fili sojoji sun cika wata ganga da gutsattsarin rassa suna neman jin ɗumi, wuta ta ƙi ci, sai hayaƙi fari mai kauri, suna tari suna fifita da kwali.

Guram ya kama waya da hannu biyu, ƙaya da komai. Lamara ta damƙe masa bayan kwat.

“Kai, jakai!” ya kwarara da Rashanci. “Ɗanye ne! Itacen tuffa sai ya shekara a inuwa kafin a sa masa wuta! Ku jera shi, ku ɗaga shi daga ƙasa, ku rufe! Shekara hamsin aka yi ana renonsa, ko ƙona shi ba ku iya ba?”

Ba wanda ya juyo. Injin ya fi shi murya. Jini na bin yatsunsa yana ɗiga a kan ƙanƙara, shi kuwa yana ta koya musu yadda ake jera itace, Lamara na riƙe da kwat ɗin, har zarto ya shiga layin bishiyoyi na ƙarshe.